Kwalbar da Na Ce a Taho da Ita

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kemistiri a wata sakandaren gwamnati a Zariya, kafin ni da matata mu zo umra mu ƙi komawa. A Jidda babu wanda ya taɓa tambayata nauyin wani sinadari. Abin da aka ga ya fi amfani a jikina shi ne rubutun hannu, irin na wanda ya daɗe a gaban allo. Don haka na samu aiki a wani shago a Bagdadiyya da ke tura kayan mutane gida, ina rubuta suna da gari a jikin kwali da baƙin alƙalami mai kauri. Kafin in rubuta, tambaya ɗaya nake yi wa kowa: mene ne a ciki? Na yi ta sau dubbai. Na ambaci wannan tun yanzu ne don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani a gaba.

Muna zaune a unguwar Mahjar, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida da ba ya ɗaukar tabarma biyu. Da fari muna da iƙama, wato takardar zama, sai kafilinmu, mutumin da ya tsaya mana, ya rasu, magadansa ba su ga dalilin ɗaukar nauyin wani malamin makaranta da matarsa ba. Daga nan muka koma cikin masu tafiya a gefen titi suna kallon ƙasa.

Matata na da ciwon suga tun muna gida. A shekarunmu na baya-bayan nan ciwon ya sauka a ƙafafunta. Takan ce kamar an shimfiɗa mata garwashi a cikin takalmi. Bayan la'asar sai ta zauna a bakin ƙofa ta tsoma ƙafa a robar ruwa, ni kuma in biya kantin unguwa in sayo ƙanƙara. Ƙwayoyin da muke samu a kantin magani suna rage zafin, amma suna sa ta jiri har ta kasa tsayuwar salla. Ta zaɓi salla a tsaye da zafin, ta bar ƙwayoyin a kan taga. Ba mai yawan ƙorafi ba ce. In abin ya yi tsanani sai dai in ga ta daina amsa mini magana.

Wani tsohon ɗalibina da ke zaune a Turai ne ya fara kawo zancen man. Muna gaisawa a waya lokaci-lokaci. Da na ba shi labarin ƙafar, ya ce, “Malam, akwai wani mai da ake tatsa daga ganyen wiwi, CBD ake ce masa. Ba ya sa maye. A nan a kanti yake, kusa da man goge baki.” Na yi masa faɗa irin na malami, na ce ashe abin da ya je koyo ke nan. Da muka ajiye waya kuma na fara karatu.

Wata biyu na yi ina karanta abin nan a wayata, a bayan shago, tsakanin kwali da kwali. Na sayi littafin rubutu na musamman. Rabon da in ji daɗin karatu haka tun ina jami'a, kuma ina ganin a nan ɓarnar ta fara, domin mutumin da aka daɗe ba a nemi iliminsa ba, in ya samu abin da ya fahimta, sai ya ɗauka duniya ma ta fahimta tare da shi.

Abin da na gano shi ne ganyen da muke kira da suna ɗaya, ashe gida ne mai 'ya'ya fiye da ɗari. Akwai THC, wanda shi ne mai sa maye, shi ne ya jawo wa gidan baƙin jini. Akwai CBD, wanda ba ya bugarwa, har likitoci sun yarda da shi a wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Akwai CBG, wanda masu talla ke kira uwar gidan, saboda daga tushensa ganyen ke ƙera sauran. Akwai CBN, wanda ba kowa ba ne illa THC ɗin nan in ya tsufa ya sha iska da haske, ƙarfinsa ya ragu, ana sayar da shi a matsayin maganin barci ko da yake hujjar ba ta da kauri. Wannan na ji tausayinsa, don na ga kamar ni ake nufi. Akwai kuma wani da ake ce wa delta-8, ƙanin THC, mayensa bai kai na yayansa ba amma maye ne, kuma yawanci ba daga gona yake zuwa ba, a ɗakin gwaji ake juya CBD ya koma shi. Na zana surar kowanne a littafina da jan biro da shuɗi. Bambancin wasunsu bai wuce inda wani ɗan haɗi ya zauna ba, amma ɗaya ya kwantar da mutum, ɗaya ya sa shi dariya shi kaɗai a bakin titi.

Game da ciwon jijiyar ƙafa irin na matata, abin da na karanta bai tabbatar da komai ba. Wasu sun ce sun ji sauƙi, masu bincike sun ce da sauran aiki. Na ja layi a ƙarƙashin rabin farko.

A daidai lokacin ne ƙanwar matata ta samu kujerar umra. Ita ce autarsu. Mahaifiyarsu ta rasu tana ƙarama, matata ce ta goya ta, ta yaye ta, ta yi mata kitson farko. Shekara goma sha tara rabonsu da juna sai a fuskar waya. Mijinta ya rasu, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Zariya, 'ya'yanta ne suka haɗu suka biya mata. Saboda shekaru, mutanen unguwa sun daɗe suna ce mata Hajiya, ita kuwa ba ta taɓa amsawa ba. “Ban je ba tukuna,” take cewa, “ku bari in ga Ɗakin da idona.” Ni kuma tun ranar ɗaurin aurenmu take tsokanata, kamar yadda ƙanwar mata ke yi. Farfesa take kirana, wai don na taɓa yi mata bayanin dalilin da ya sa man gyaɗa ke daskarewa da sanyi, alhali ita ce mai matse shi.

Duk wanda ya zauna a nan ya san al'adar saƙo. Mai zuwa umra daga gida ba ya zuwa da jakarsa shi kaɗai. Wannan ya ba shi kuka, wancan daddawa, wata yaji da kanwa, wani takardar gona da za a sa wa hannu. Ba a ƙi, kuma ba a cika tambaya ba, domin tambaya kamar zargi ce. In kaya ya yi nauyi sai a rarraba a jakunkunan abokan tafiya. Ɗalibina zai je gida hutun salla. Na ce ya sayo kwalba ɗaya ya bar wa ƙanwar matata. A lissafina hanya ta haɗu da kyau, kamar yadda lissafi ke haɗuwa a kan allo.

Ita ta yi tambayar da ba a yi. Saura kwana huɗu ta taso, ta kira mu da hantsi, ta ɗago kwalbar a gaban waya. Ƙarama ce, ba ta kai tsawon yatsa biyu ba, ruwan ƙasa, da takarda fara a jiki.

“Farfesa, wannan ganyen da aka zana a jiki na san shi fa. Shi ne a rigar yaran bakin tasha.”

“Shi ne, amma ba shi ba ne,” na ce.

“To fa. Yaya, kin ji mijinki ya fara.”

Matata na gefe da ƙafa a ruwa, ta yi dariya. Na gyara zama na ɗauko littafina. Na yi mata bayanin gidan nan mai 'ya'ya da yawa: ga ɗan iskan da kowa ya sani, ga natsattsen da ba ya fita ko ƙofar gida, ga tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, ga uwar da ta haife su. Ta saurara har ƙarshe, abin da ɗalibaina ba su cika yi ba.

“To wanne ne a cikin kwalbar?”

“Natsattsen.”

“Shi kaɗai? Ɗan iskan bai biyo shi ba? Ka san su da naci.”

Na karanta takardar jikin kwalbar a hoton da ɗalibina ya turo, har da ƙananan rubutun ƙasa. Irin man nan ne da ake tatsa daga ganyen gaba ɗaya, kuma an rubuta ƙarara cewa akwai ɗan ɓurɓushin THC a ciki. Kaɗan ne ƙwarai, ba zai bugar da ko kaza ba. Na ga bai kai a ambata ba, don haka ban ambata ba.

“Ba ya ciki,” na ce.

“In kai ka ce, shi ke nan. Bari in juye shi a kwalbar man zaitun, wannan murfin ba shi da ƙwari.”

Haka take yi da komai, man kaɗanya a gwangwanin madara, yaji a robar maganin tari. Na hana ta. Na ce kada ta taɓa takardar, duk bayanin yana jiki, duk wanda ya karanta zai gane ba abin maye ba ne. Ba ina cewa da ta juye da ta tsira ba, kuma ba ina cewa da hakan ya fi ba. Kuskuren ya riga ya faru tun ranar da na ce a sayo. Ina faɗa ne kawai don a ga irin tunanina a lokacin: na ɗauka ma'aikacin filin jirgi zai tsaya ya yi karatu, ya jinjina kai, wataƙila ma ya nemi ƙarin bayani. Shekara goma sha tara ina ƙasar nan, na san dokarta ba ta raba 'ya'yan gidan nan, duka suna ɗaya take kiransu. Na sani kamar yadda na san sunana. Sai dai na fi son abin da ke cikin littafina.

Shirin shi ne su sauka a Jidda, motar ayarinsu ta wuce da su Makka, in ta gama umra ta zo mana kwana biyu. Ba za mu iya zuwa filin jirgi ba, mu da ba mu da takarda. Duk da haka tun ranar saukarsu matata ta share ɗaki sau biyu, ta aro katifa a maƙwabta, ta sa aka yi mata lalle a ƙafafun nan masu zafi. Ta ce ba ta son ƙanwarta ta fara ganin ciwo kafin ta ga ado.

Ranar farko waya ba ta shiga ba, muka ce layi ne. Rana ta biyu muka ce ibada ce ta ɗauke mata hankali. Rana ta huɗu da azahar wata dattijuwa ta yi sallama a ƙofarmu, riƙe da jakar leda. Abokiyar tafiyarta ce, kujerarsu ɗaya a jirgi. Ta sha ruwa, ta daɗe tana gyara mayafi, sannan ta ba mu labari.

An buɗe jakar ƙanwar matata a wurin duba kaya. An ajiye kuka gefe, an shinshina yaji, sai aka zo kan kwalbar. Aka kira wani, shi ma ya kira wani, aka nemo tafinta. Dattijuwar tana tsaye kusa, ta ji komai kafin a ce ta wuce.

“Wallahi Malam, sai da ta yi musu bayani. Ta ce wai gida ne mai 'ya'ya da yawa, wannan shi ne mai hankalin. Tafintan ma sai da ya murmusa. Suka ce wa za ki kai wa? Ta ce nawa ne, ƙafata ke ciwo. Suka ce kina da kowa a Jidda? Ta ce ba ta da kowa sai Allah.”

Ta turo mana jakar ledar. Daddawa ce da kuka da man shanu, rabon saƙonmu da aka sa a jakarta saboda nauyi. Shi ya iso.

Da baƙuwar ta tafi, matata ta daɗe tana kallon ledar. Sannan ta ce, “Malam, ka san haka na iya faruwa?”

Na ce, “To, in aka bi ta fuskar kimiyya, abin da ke cikin...”

“Ba a aji muke ba.”

Na ce na sani. Ba ta sake tayar da zancen ba, ranar ko wata rana. Da ta yi mini faɗa da na samu abin riƙewa.

Washegari na sa kaftanina mafi kyau, na ce zan je in faɗa musu kwalbar tawa ce. Na fara biyawa ta shago. Maigidana Bahaushen Sudan ne, an haife shi a nan, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya saurare ni yana ɗaure kwali.

“Ya Ustaz, in ka je ba za su sake ta ba, za su riƙe ku biyu, halas, shi ke nan. Kai ba iƙama, ita uwargida ba iƙama. Wa zai sayo mata ƙanƙara? Yalla, maza zauna ka rubuta mini wannan, Katsina za shi.”

Gaskiya ya faɗa. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne yadda na ji sanyi a raina da ya faɗe ta. Na fita duk da haka, na tsaya a bakin titi cikin rana, tasi uku suka rage gudu a gabana, ban ɗaga hannu ba. Na koma na rubuta Katsina, da kyakkyawan rubutu.

Sati bakwai ta yi a tsare. 'Ya'yanta suka yi ta kai da kawo daga gida, mu kuma muna jin labari daga bakin wannan da wancan, ba mu isa mu tambaya da sunanmu ba. A ƙarshe, ko don shekarunta ko don ƙanƙantar abin, aka sa ta a jirgi aka mayar da ita, tare da hana ta sake shigowa. Daga inda aka tsare ta zuwa ƙofarmu bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Zuwa Makka ma haka.

Ta kira mu kwana biyu da komawarta. Ta rame, amma bakin na nan.

“Farfesa, na yi musu karatun naka. Ban ci jarrabawa ba.”

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

“Sun ce ɗan iskan na ciki. Na ce ƙarya ne, mijin yayata ya ce ba ya ciki, kuma shi bai taɓa kuskure ba tunda aka haife shi.” Ta tsaya tana kallona ta wayar. “A zuciyata na faɗa, kada ka tsorata. Yana ciki?”

“Yana ciki. Kaɗan.”

“Ka sani tun ranar?”

“Na sani.”

Ina jin kukan akuya a bayanta, da wata mata tana tambayar ƙuli-ƙuli. Sai ta ce, “Ba ni Yaya.”

Na miƙa wayar na fita tsakar gida. Sun fi awa suna magana. Ban ji kuka ba, sai matata tana ta tambaya ko sun ba ta abinci, ko ta samu wurin yin salla, ko akwai sanyi.

Da haraminta aka tsare ta, don ta yi niyya tun a jirgi. Malamin unguwarsu ya ce a yanka mata rago a Makka, fansar umrar da ba ta ƙarasa ba. Ni na nemi wanda zai yanka. A duk wannan lamari shi ne abu ɗaya da na yi wanda ya tafi daidai.

Mun yi maganar mu miƙa kanmu a mayar da mu gida, ko sa ga juna. Amma wanda ya miƙa kansa sai ya yi zaman jira a wurin tsarewa, kuma zuwa lokacin ciwon matata ya wuce ƙafa ya taɓa ƙoda. Muka ce in ta ɗan ji sauƙi. Ta yi miyar kuka da saƙon nan, tana gutsurar daddawar kaɗan-kaɗan har ta kai mu wata biyar. Kullum bayan la'asar suna waya, ita da ƙafa a ruwa, ƙanwarta a gaban kaskon suya. Na koyi tafiya sayo ƙanƙara a hankali don in ba su wuri.

Matata ta rasu a shekarar da ta biyo baya, ranar wata Talata da safe. A Jidda aka rufe ta. Kafin nan ta ware wasu kaya ta ce na ƙanwarta ne: zannuwa uku, carbin da ta saya a Makka zuwanmu na farko, da ɗan kunnen mahaifiyarsu da ta daɗe tana jira ta ba ta hannu da hannu. Littafina mai jan biro da shuɗi yana ƙarƙashin katifa, ban ƙone shi ba. Abin da ke ciki daidai ne, har gobe CBD ba ya sa maye.

Na kai kayan shago na sa a ƙaramin kwali. Maigidana ya tambaye ni mene ne a ciki, kamar yadda doka ta shago take, na lissafa masa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki alƙalami na rubuta sunanta da Zariya. Sai na ga akwai ɗan fili a gaban sunan, na ƙara Hajiya.

Bayan sati uku ta kira. Tun wayar nan ta farko bayan an mayar da ita ba ta sake tsokanata ba, Malam take ce mini, gaisuwa ta yi gaisuwa ta ajiye. Ranar ta ce kaya sun iso, ɗan kunnen ma ya iso, ta sa ɗaya ta kasa sa ɗayan. Sannan ta ce, “Farfesa, akwai kuskure a rubutunka.”

Na ce a ina?

“A jikin kwali. Ban je ba.”